Yatsun Da Siminti Ya Cinye

Mai Igiya ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara talatin da huɗu yana gini da shafe, ba a taɓa ganin ya ɗora bulo kan bulo bai ja igiya ba, ko da kuwa akurkin kaji aka ba shi. Idan wani ya ce masa ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ya ce wanda ya ƙago maganar bai taɓa rushe katangar da ya gina da hannunsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga saurin fushi ga saurin hucewa, ga baki kamar reza. Leburori kan ji tsoronsa da safe, da rana kuma su yi ta tsokanarsa. Ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar hannuwansa. Ba ya tambayar kwano nawa na yashi aka zuba a kwaɓi. Ɗiba yake yi ya murza tsakanin yatsu, nan take ya faɗa maka ko an yi wa siminti rowa. Safar hannu kuwa, a wurinsa, kayan ragwaye ce.

Asibiti ta waje kawai ya san shi. Ya gina biyu, ya yi wa na uku shafe, amma bai taɓa kwana a gadon ko ɗaya ba. A garinsu idan jiki ya motsa, akwai wani tsohon ma'aikacin lafiya a ɗakin shan magani wanda ya san kowa har kakansa. Ba kati, ba takarda. Ka shiga ka gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, ya duba ka, ya ba ka magani tare da faɗa. Mai Igiya ya ɗauka haka duniya take ko'ina, kuma wannan ne kuskurensa na farko.

Da aikin gini ya ɗauke a garin nasu, ƙanen matarsa, wani direban motar haya da ya daɗe a birni, ya aiko masa cewa wani kamfani yana gina bene mai hawa tara kuma yana neman masu shafe. Direba irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ba su sani ba. Tambaye shi hanyar sama ma, zai ce ka bi hagu. Shi ya samo musu ɗaki ɗaya a gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida, shi ya kuma tabbatar musu cewa kamfanin yana sa ma'aikatansa da matansu a inshorar lafiya. Wannan karon, abin mamaki, gaskiya ya faɗa.

Maganar inshorar nan ce ta ɗago Mai Igiya daga garinsu, ba benen ba. Matarsa, wadda yake kira Ummansu tun haihuwar 'yarsu ta fari, idonta na hagu ya mutu shekara uku da suka wuce. A hankali ya mutu, ba ciwo ba ja, kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi tana kallonsa. Mace ce mai ƙarancin magana, amma idan ta jefa guda ɗaya sai an kwana ana tunawa. Yaran duk sun yi aure sun watse, daga ita sai shi. Yanzu kuma idon dama ya fara irin na ɗan'uwansa: tana ganin abin da ke gabanta, amma wanda ya zo ta gefe sai ya yi magana take sanin ya zo.

Asibitin da ke kusa da wurin aikinsa suka fara zuwa. Suka yi zaman benci tun safe har azahar, sannan wani mai farar riga ya dubi takardar adireshinsu ya ce ba nan ne asibitin unguwarsu ba. Mai Igiya ya tambaye shi ko ido ma yana da unguwa, amma mutumin ya riga ya kira na gaba. Washegari suka shiga mota biyu zuwa asibitin da aka ce shi ne nasu. A nan wata likita 'yar siririya mai gilashi ta haska idon, ta auna, ta sake aunawa, sannan ta ajiye fitilarta ta yi musu bayani a hankali kamar mai lallashi. Ta ce ruwan cikin idon ne ya taru yana danne jijiyar gani. Abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa, amma ana iya yin aiki a buɗe wa ruwan hanya a ceci abin da ya rage.

"Baba, ku kawo katinku na inshora in sa sunanta a jerin masu aiki," in ji ta. "Don Allah kada ku wuce sati biyu."

Ya tambayi abin da za a biya idan babu kati. Bai ma tsaya jin ƙarshen lambar ba ya miƙe. Suka sayi 'yar kwalbar maganin ɗigawa guda ɗaya da likitar ta rubuta, suka koma gida. Direba ya ce kati ai aikin safiya ɗaya ne, shi ya san kowa a ofishin inshorar.

Safiya ɗayan nan kwana goma sha ɗaya ta ci. Ranar farko sun isa ƙarfe takwas, aka ce lambobin layi sun ƙare tun ƙarfe bakwai. Rana ta biyu sun sami lamba, aka ce takardar kamfani tana da hatimi amma ba kwanan wata. Da aka sa kwanan wata, aka ce sai shaidar mai gidan haya cewa a gidansa suke zaune, shi kuwa mai gidan a wata unguwa yake can ƙarshen gari, kuma ba ya ɗaga waya sai ranar karɓar haya. Da aka samo shi, aka ce hotunansu bangon baya shuɗi ne, fari ake so. Ba wanda ya taɓa faɗa musu abubuwa biyu a rana ɗaya. Kowace taga matsala ɗaya take bayarwa, kamar mai rabon magani, sai ka shanye ta ka dawo a ba ka ta gaba. Mutumin da Direba ya sani a ofishin kuwa, ashe mai gadin wurin ajiye motoci ne. Da gaskiyar masu cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, sai dai su nasu ya yi yawa, don ido biyu da rabi ke gare su su biyu, amma ba ko ɗaya idan ana maganar karatun allunan da ke manne a bango.

Kowace tafiya kuma rabin yinin aiki take ci. Injiniyan da ke kula da benen, yaro ne sa'an ɗan Mai Igiya na biyu, ya fara duban agogo duk lokacin da ya ga tsohon ya shigo.

Rana ta goma sha ɗaya suka kai taga ta huɗu, inda ake ɗaukar zanen yatsa. Wata mata ce a wurin, ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai ta yi mata katutu, ta yi shekaru tana faɗin magana ɗaya har muryarta ta daina hawa da sauka. A gabanta akwai 'yar na'ura mai gilashi kamar akwatin ashana. Ummansu ta ɗora yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta kawo koriyar wuta sau goma, ko gardama babu. Mai Igiya ya gyara tsayuwa ya ɗora babban yatsansa na dama da ƙarfi irin na mai danna bulo. Wuta ta kawo ja.

Mai Taga ta ce ya sassauta. Ja. Ta ce ya goga a goshi, ya goga. Ta ce ya hura masa iska da baki, ya hura. Ta ɗiga masa man shafawa daga jakarta, ta goge gilashin da gefen mayafinta, suka bi yatsu goma har da 'yan ƙananan, aka dawo aka sake bi. Daga ƙarshe ta kama hannunsa ta juya shi a hasken taga. Yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Shekara talatin da huɗu na murza kwaɓi sun cinye zanen tas.

Ta ce ba shi ne na farko ba, haka magina da masu wanki suke zuwa. Ya huta da taɓa siminti sati biyu ko uku, zanen zai fito. Ya ce to a ba matarsa nata katin, tunda nata yatsun sun ci jarrabawa. Ta ce ba ya yiwuwa, matar a ƙarƙashinsa take, sai an buɗe nasa nata zai buɗe. Ya tambaya yatsa nawa na'urar take so. Ta ce ko ɗaya ne ya fito sosai, za ta karɓa.

A wurin aiki Injiniya ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya karanta masa doka: wanda ya yi fashin kwana uku a jere an cire sunansa daga ma'aikata, wanda aka cire sunansa kuma takardar inshorarsa ta mutu. Wato idan ya huta zane ya fito, ba aiki ba kati. Idan ya yi aiki, ba zane ba kati. Gaba kura, baya sayaki. Wanda ya tsara wannan abu, ko waye shi, bai taɓa ɗaukar kwanon kwaɓi a kansa ba.

Mai Igiya ya yi tunani yini guda a saman katako, da yamma ya sauko da dabara. Tunda yatsa ɗaya ake so, yatsa ɗaya zai ba hutu, sauran tara su ci gaba da neman abinci. Ya zaɓi babban yatsan dama. Har nan dabarar ba ta da laifi. Inda ta karkace shi ne wurin jinyar. A duk sanin Mai Igiya, sabon abu ba ya yin ƙwari sai da ban ruwa. Sabon shafe, sabon daɓe, sabon bulo, duk sai an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa musu ruwa safe da yamma, in ba haka ba su tsattsage. To sabuwar fata fa, da me ta fi su? Ya yagi tsohon gyale, ya jiƙa, ya naɗe yatsan, ya sa leda a kai, ya ɗaure gindin da guntuwar igiyarsa.

Ummansu ta shafa ƙunshin da hannu, ta ce ita dai a saninta ciwo iska yake so. Ya ce ai ba ciwo ba ne, gini ne. Ta ce to Allah Ya sa kada a zo shafe. Direba kuma ya ce man birki ake shafawa, shi ya ga wanda ya yi. Wannan dai ko Mai Igiya bai saurara ba.

Haka ya koma aiki da yatsa a sama kamar mai tsayar da mota. Sau uku a rana yana kwance bakin ledar ya ɗura ruwa ya mayar. Leburori suka samu abin yi. Da safe su gaishe shi, su gaida jariri, su tambaya ko ya kwana lafiya, ko ya fara haƙori. Ya zage su, su yi dariya, shi ma wani lokacin ya yi. Amma cokalin gini ba a riƙe shi da yatsa huɗu. Katakon shafe ya riƙa zame masa, hannu ya riƙa gajiya tun kafin azahar. A kwana na takwas Injiniya ya zo ya ɗora dogon katako a jikin bangon da ya gama, haske ya ɓullo ta ƙarƙashi a wuri uku. A gaban leburori ya ce a kankare a sake. Tunda Mai Igiya ya fara riƙe cokali ba a taɓa ce masa ya sake aiki ba. Ya buɗe baki, ya tuna takardar inshora, ya rufe. Ya ɗauki guduma ya kankare aikinsa da kansa, ranar ko mai tsokana bai samu ba.

A gida kuma abin yana tafiya a hankali, irin tafiyar da ba a gani sai an waiwaya. Kwalbar maganin ta ƙare. Ummansu ta daina zuwa famfo, ta ce matan gidan surutu gare su. Ta daina ɗinkin da take ɗan taɓawa, ta ce zaren birni ba shi da kyau. Ta mayar da tukunya da kofuna da buta wuri ɗaya a gefen katifa, ta hana a matsar da su. Mai Igiya ya ga duk wannan, ya kuma san abin da yake nufi, don ba wawa ba ne. Tsoro ne ya hana shi tambaya. Sai ya riƙa huce haushinsa a kan ƙofar ɗakin da aka kafa a karkace, da magini maras kunya da ya yi daɓen tsakar gida ruwa yana kwanciya.

Kwana goma sha takwas ya ba yatsan. Bai yarda ya buɗe shi gaba ɗaya ba ko sau ɗaya, don a ƙa'idarsa ba a leƙa daɓe kafin ya kama. Sai a gaban taga ta huɗu, bayan layin awa uku, ya kwance igiya, ya zare leda, ya warware gyale. Wari ya fara fitowa kafin yatsan. Ya yi fari fat, ya yamutse, fatar tana saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Mai Taga ta ja kujerarta baya.

"Baba, me ka yi masa haka?"

"Ban ruwa," in ji shi.

Ta dube shi, ta dubi yatsan, dariya ta kuɓuce mata, ita da ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Da ta ga fuskarsa sai ta haɗiye sauran. Suka gwada duk da haka. Ja. Suka gwada sauran taran, waɗanda suka yi aikin yatsu goma. Ja. Ta ce yanzu sai dai ya bar shi ya bushe, sabuwar fata ta fito, kamar wata guda.

A nan Mai Igiya ya fashe. Ya ce shi ne ya gina asibiti biyu da hannun nan da akwatin ashana ke cewa ba na mutum ba ne. Ya ce ga shi tsaye, ga fuskarsa, ga hotonsa mai farin bango, ga takardar kamfani mai kwanan wata, ga shaidar mai gida, ga matarsa da ta san shi shekara talatin da ɗaya, duk ba su isa shaida ba sai gilashi ya yarda? Mai gadi ya taso. Mutanen layi, waɗanda kowannensu ke da irin wannan jawabin a cikinsa, suka sunkuyar da kai suna jiran ya gama su matsa.

Wata tsohuwa ce a bayansa ta ja masa hannun riga. Hannuwanta jajaye ne sun sha sabulu, kana gani ka san mai wanki ce. Ta tambaye shi ko ba a ba shi koriyar takarda ba. Ya ce wace koriyar takarda? Ta ce ta waɗanda zanensu ya goge, a sama ake karɓa, taga ta tara. Ita ma da takardar ta yi nata katin bara, yau sabuntawa ta zo.

Ya juya a hankali ya dubi Mai Taga. Ta ce eh, akwai, amma ba aikin tagarta ba ne, na sama ne.

"To me ya hana ki faɗa mini tun wancan zuwan?"

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Yaya mutum zai tambayi abin da bai san an halitta ba? Wannan tambayar Mai Igiya bai ma iya yin ta ba. Kwana goma sha takwas, da bangon da ya kankare, da idon da ke gida yana ƙanƙancewa, duk maganinsu yana bene ɗaya a saman kansa a cikin aljihun tebur. Ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya hau matakala.

Tsugune ba ta ƙare ba. Koriyar takarda tana son sa hannun likita, ya shaida cewa lallai zanen ya goge. A asibiti aka ce ba a ganin likita don sa hannu sai da kati. Ya ce katin ne yake nema. Aka ce to ya je ofishin kati. A ofishin kati aka ce ya je asibiti. Sau uku ya yi wannan zagayen cikin kwana shida, kullum yana komawa wurin aiki kafin rana ta raba don kada a rubuta masa fashi. A zuwa na huɗu bai shiga layi ba. Ya tsaya a wurin ajiye motocin ma'aikata, ya ga wani dattijo da abin sauraren ƙirji a wuya yana neman makulli, ya sha gabansa ya buɗe masa tafukan hannu biyu ba ko sallama. Dattijon ya ɗauka bara ce, har ya kai hannu aljihu. Da ya ji bayani, ya kama yatsun ya duba, ya girgiza kai, ya shimfiɗa takardar a kan motarsa ya sa hannu. Minti biyu abin ya ɗauka.

A taga ta tara wani saurayi mai ƙaramin gemu ya karanta masa abin da zai amince da shi, tunda Mai Igiya bai yi karatun boko ba. Takardar ta ce mai wannan suna yana da nakasa a hannu wadda ta hana a ɗauki zanensa. Ya ce a sake karanta wurin. Aka sake. Ya ce hannunsa ba shi da nakasa, a je hawa na shida na benen da yake shafewa a duba. Saurayin ya ce gurbi biyu ne kawai a takardar, ko nakasa ko rashin yatsu gaba ɗaya, ya zaɓa. Maganar ta yi masa ciwo fiye da ranar guduma. Ya daɗe yana kallon hannun nasa a kan katakon tagar, sannan ya ce a rubuta nakasar.

Sai saurayin ya ce ya sa hannu a ƙasa. Ya ce bai iya ba. Saurayin ya turo masa ɗan kwalin tawada ya ce to ya dangwala.

Mai Igiya ya dube shi ya ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. A kan takardar da ke shaida cewa ba shi da zanen yatsa, aka ce ya dangwala yatsa. Ya tsoma, ya danna. Wani baƙin tabo ya fito, dunƙule, ba layi ko ɗaya a ciki, irin wanda ko gwiwar hannu aka sa za a samu. Saurayin ya duba, ya gyaɗa kai alamar ya yi kyau, ya buga hatimi. Ya ce kati zai fito bayan kwana tara.

Ya fito ranar da aka ce, wannan kam ba a saɓa ba. Katuna biyu, nasa da nata, a cikin 'yar farar ambulan. Mai Igiya bai koma wurin aiki ba, ya ce Injiniya ya rubuta abin da ya ga dama. Da tsakar rana ya iso gida, rana tana tsakiyar ka, ƙofar ɗakin a buɗe, haske ya shiga har kan katifa. Ummansu tana zaune a inda ya bar ta. Ya yi sallama da ƙarfi, ya durƙusa, ya zaro nata katin ya riƙe a gaban fuskarta, yana cewa ga shi, ga abin da aka wahalar da su a kansa, ta ga hotonta yadda ta ɗaure fuska.

Ta miƙo hannu ta kama iska a gefen katin. Ta sake miƙowa, ta sami wuyan hannunsa, ta bi shi har ta kai ga katin.

"Ka daɗe yau, Malam," in ji ta. "Kunna fitila mana in gani."

Ya waiwaya ya dubi ranar da ke kwance a tsakar ɗakin. Ya tashi ya kunna fitilar, sannan ya ɗauko mata mayafi da takalmi, ya ce ta tashi su tafi yanzu.

Da kati a hannu, ƙofofin asibitin suka riƙa buɗewa kamar ba su ne ba. Cikin awa ɗaya suna gaban likita. Sai dai ba mai gilashin nan ba ce, an ce an mayar da ita wani reshe. Wani ne babba mai furfura a gefen kai, da alama shi ma tun safe bai zauna ba. Ya haska idon, ya auna, ya buɗe fayil ya karanta abin da ta farkon ta rubuta, ya dubi kwanan watan. Ya ce za a yi aikin jibi, za a riƙe ɗan abin da ya saura a tsakiya, wanda bai fi a ga inuwar mutum a kusa ba. Sauran ya tafi. Sannan ya rufe fayil ɗin da ɗan ƙarfi ya juyo kan Mai Igiya.

"An ce muku sati biyu, yau sati bakwai. Ku mutanen nan sai abu ya lalace kuke zuwa. Ina kuka shiga?"

Mai Igiya bai taɓa rasa amsa ba tunda aka san shi, sai yau. Ya rasa ta inda zai faro, ta taga ta huɗu ko ta tara. Ummansu ce ta juyo da fuskarta wajen da muryar ta fito, ta ɗan kauce kaɗan, tana fuskantar labulen da ke gefen likitan.

"Muna hanya ne, likita," in ji ta. "Tun ranar muke hanya."